Zailani Mai Sauraren Ƙofa

In ka sauka a Kwanar Dangora, ta hannun titin da ya nufi Tudun Wada, za ka ga rumfar faci da tayoyi jibge a gabanta. Tawa ce, sunana Shitu. Shagon da ke manne da ita, wanda gawarwakin obin ɗin ɗumama abinci suka cika har bakin ƙofa, na Zailani ne. Shekara ashirin da shida muna maƙwabtaka, bango ɗaya ya raba mu, bangon ma na langa-langa. Kuma taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ina da iko, ba mai hana ni.

Bari in fara da abin da ya fi damuna. Mutumin nan ya yi shekara uku yana cusa hannu cikin kayan wuta alhali idonsa na tafiya, kuma ni kaɗai na sani. Yanar ido ce ta kama shi, ta fara da na hagu, ta gangaro na dama. Shi kuwa abu biyu ya ce gara mutuwa da su: a taɓa masa ido da ƙarfe, ko a rufe masa shago. Ni kuma, don wauta, na taya shi ɓoyewa.

Tsoron nan ba haka kawai ya same shi ba. A Ba'awa aka haife mu. Ubansa, Kawu Sabo, manomi ne, shi ma yanar ido ta kama shi. Wata ranar kasuwa wani mai sakiya ya zo da 'yar jakarsa, ya zaunar da Kawu a gindin tsamiya, ya soka masa tsinke a ido ya ture yanar ciki. Kwana biyu Kawu yana gani, har yana ƙirga kajin gida yana dariya. A rana ta huɗu idon ya kumbura ya yi jawur, mai sakiya kuwa ko ƙurarsa ba a sake gani ba. Zailani na da shekara goma sha biyu ya kama sandar ubansa, bai sake ta ba sai da aka kai Kawu makwanci, shekara tara ke nan. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. A wajen Zailani, da likita da mai sakiya duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Sana'ar ma daga nan ta samo asali. Kawu ba shi da abokin hira sai wata 'yar rediyo. Ranar da ta yi shiru, tsohon ya ƙi cin abinci. Zailani ya buɗe ta da bakin wuƙa, ya yi ta lalube har ya samo wayar da ta tsinke, ya ɗaure ta da zare. Da rediyon ta yi magana Kawu ya sa masa albarka, shi ke nan aka rasa shi a gona. Bayan rasuwar Kawu ya tafi Tudun Wada wajen wani maigyara ya yi shekara biyar, sannan ya dawo nan bakin kwana ya kafa tebur. Ya yi zamanin rediyo, ya yi na kaset, ya yi na talabijin mai ƙeya. Da wayar hannu ta zo, samari suka ƙwace kasuwa da ƙananan ƙarafansu kamar allura. Ya gwada, ya ga ba zai iya ba, ya ce ai shi ba ya wasan yara.

Sai ga obin ya fara shigowa. Wasu a kayan ɗakin amare, wasu na gwanjo, wasu na masu sayar da abinci a bakin titi. Kowa tsoronsa yake, Zailani kuwa ya rungume shi. Karatunsa ɗaya ne, na ji shi har na haddace: cikin goma da za a kawo an ce sun mutu, bakwai ba mutuwa suka yi ba, ƙofa ce. A jikin ƙofar akwai ƙugiyoyin roba biyu. In ka rufe, sai su shige rami su danna wasu ƙananan makunnai guda uku da ke ciki. Muddin ɗaya bai dannu ba, injin ba zai tashi ba, ko ka kwana kana latsa shi. An yi haka ne don kada ya yi aiki ƙofa a buɗe ya ƙona mutum.

Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu. Wani ya buga ƙofar kamar ta motar haya. Wata ta fizge ta injin na tsakiyar aiki, fiyus ya ƙone. Wata mai soya kifi daga Bagauda ta zo tana rantsuwa asiri aka yi wa nata, ashe ƙayar kifi ce ta maƙale a ramin ƙugiya. Ya zaro ta da tsinke ya ɗora mata a tafin hannu ya ce, "Ga bokan naki." Amma abin da ke tayar masa da hankali shi ne masu gyaran da in makunni ya lalace sai su haɗa wayoyin biyu su ɗaure, injin ya riƙa tashi ko ƙofa na buɗe. In ya buɗe ya tarar da irin wannan aiki, sai ya wuni yana faɗa shi kaɗai. Wani mai gidan abinci ya taɓa cewa ya yi masa hakan don yana sauri. Zailani ya ɗauki obin ɗin ya ajiye masa a bakin titi, ya koma ya zauna.

Yadda yake gano ciwon ƙofa shi ya sa direbobi suka sa masa Mai Saurare. Ba ya fara kwance komai. Sai ya kara kunne a gefen injin, ya tura ƙofar a hankali, a hankali. Ƙas, ƙas, ƙas. In uku suka yi, ƙofa lafiya, a nemi ciwo a wani wuri. In biyu ya ji, zai gaya maka wanne ne bai yi ba, na sama ko na ƙasa, tun kafin ya taɓa sukundireba. In ƙofar ta yi lagwai-lagwai a hannunsa, sifirin, 'yar wayar da ke mayar da ƙugiya, shi ne ya fita. In ta karkace, hinjin ne ya saki. Mutane na ganin gwaninta ce, kuma gwanintar ce. Sai dai wannan kunnen shi ya rufa masa asiri da ido ya fara gudu.

Abin da kunne da yatsa ba su iya ba shi ne rubutu. A jikin fiyus akwai lamba, 'yar mitsitsiya, dole a mayar da irinta. Nan ne na shigo. Ban taɓa ce masa na gane ba, shi ma bai taɓa cewa in taimake shi ba. Sai in leƙo kamar zolaya ta kawo ni, in ɗauki fiyus ɗin a kan tebur in ce, "Kai jama'a, wannan ɗan abin ne mai lamba goma? Ko ƙwayar gero ta fi shi." Shi kuma ya ce, "Ajiye min kayana, baƙin mai faci, me ka sani?" Ya riga ya ji goma. Haka muke yi da launin waya, haka muke yi da takardar da aka rubuto. Shekara uku cur muna wannan wasan, ina jin kaina wani gwarzon ɗan'uwa.

Babban ɗansa Zayyad malamin makaranta ne a Bebeji. Ya zo wata Asabar, ya ja ni bayan rumfa ya ce, "Baba Shitu, ka lura da idon Baba na hagu? Ya yi fari." Na dube shi ƙiri-ƙiri na ce hayaƙin dalma ne, duk masu gyara haka suke. Wallahi haka na ce. Yaron bai yarda ba, ya shiga ya durƙusa ya ce wa ubansa, ko dai su je asibiti, ko ya haƙura da shagon ya zauna a gida su ɗauki nauyinsa. Zailani ya miƙe tsaye. Ya ce shi ya ga zaman gida, ya ga wanda aka yi wa aikin ido, duka a kan mutum ɗaya ya gan su, kuma shi ya riƙe masa sanda. Zayyad ya tafi ranar ko ruwa bai sha ba.

Akwai wani abu a cikin obin da suke kira kwandensa. Yana riƙe wuta ko an zare injin daga bango, kuma wutar tana kisa. Dole sai an sauke ta da ƙarfe mai mariƙin roba kafin a sa hannu. Wata rana na leƙo na ga yatsunsa na lalube, saura ƙiris su sauka a kanta, ya ɗauka ya riga ya sauke ta, ashe ƙarfen gefe ya taɓa. Na daka masa tsawa har mai shayi ya zubar da ruwan zafi. Ya janye hannu ya ce, "Ihun me kake yi kamar an sace maka taya?" Ranar ya kamata in buɗe baki. Ban buɗe ba, na koma na ci gaba da facina.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tamu ta zo wata Talata da damina, da hantsi. Motar Doguwa ta tsaya, wani magidancin Bafillace dogo ya sauko da obin a ka, an naɗe shi da zane. Bayansa wata tsohuwa, siririya, tana dogara sandar kiwo. Shi sunansa Habu, ita kuma mahaifiyarsa ce, Inna yake ce mata, mu ma muka bi. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi hanya, aka shimfiɗa mata tabarma.

Zailani ya ce, "Inna, me ya same shi? Ba ya ɗumamawa?"

Ta ce, "Ɗumama me? Mu da ko fitilar wuta ba mu da ita a ruga? 'Yata ce da ke aure a birni ta aiko min. Na ga ɓera ba ya shiga, gara ba ta shiga, ruwa ba ya shiga, sai na mai da shi akwati. Yau kwana biyar ya ƙi buɗuwa."

Habu ya ce shi tun ranar ya ɗauko gatari, ta ce in ya taɓa mata kaya ba ta yafe ba. Takardar asibitinta na ciki, ta ganin likita a Kano, kuma ba wanda ya tuna ko yau ce ranar ko gobe. Direba ne ya ce musu akwai mai ƙofa a kwana, tunda hanya ce su tsaya.

Zailani ya danna maballin da ke buɗe ƙofar, ya ji ya shige luƙus, ba abin da ya motsa. Ya shinshina yatsansa. Ya sake shinshinawa. Ya ce, "Inna, man shanu nake ji."

Ta ce, "To da me zan shafa? Ya fara tauri, na sa masa. Ko ƙwarya in ta bushe ai shi ake sa mata."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Zailani bai yi ba. Ya yi mata bayani cewa man ne ya kama ƙura ya daskare, ta yi ta danna maballin da ƙarfi, har 'yar sandar robar da ke ɗaga ƙugiyoyin ta karye a ciki. Ya juya injin ya kwance notunan baya, ya zare rigar ƙarfen. Ya ɗauko ƙarfensa mai mariƙin roba ya sauke wutar kwandensa. Na ce, "Kai, abin da bai taɓa ganin wuta ba tun da aka haife shi?" Ya ce, "Da bakinsa ya gaya maka?" Sannan ya zura yatsa ta gefe, ya lalubo bakin ƙugiyar ƙasa, ya ɗaga ta da sukundireba. Ƙofa ta yi ɓas ta buɗe.

Abin da ke ciki sai wanda ya gani: kwalbar turare, carbi, goro a ganye, ƙullin magani, da takardu a leda. Ya tono irin sandar robar daga wata gawar obin, ya goge man shanun da tsumma da ɗan fetur, ya mayar da komai. Ya kara kunne ya tura ƙofar. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya ce ko yau aka kai wuta ruga zai yi aiki, amma don Allah a raba shi da man shanu.

Duk wannan aikin tsohuwar nan ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Ta zaro wata takarda mai kauri daga ledar, ta miƙa masa ta ce, "Malam, duba min ranar."

Ya karɓa, ya kai ta har bakin hancinsa, ya karkata kai. A juye ma ya riƙe ta. Na yi wuf na miƙa hannu ina cewa, "Kawo nan, wannan rubutun likitocin ai sai mu masu..." Ban ƙarasa ba ta buge min hannu da sandarta. Wallahi da zafi.

Ta ce, "Ba kai na ba wa ba."

Ta tashi, ta ce masa ya juyo wajen haske. Ya juyo kamar wanda uwarsa ta kira. Ta duba na hagu, ta duba na dama, ta ce, "Yanar ido ce. Tun da ka karkata kai kana neman ƙarfenka na gane, don haka nake neman ƙwaryata bara." Ta ja fatar idonta na dama da yatsa. "Ka ga wannan? Da watan azumi aka yi min shi. Yau ina zura zare a allura. Ɗayan za a yi yanzu."

Zailani ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "An yi wa mahaifina. Bai ƙara gani ba."

"A ina?"

"A kasuwa. Mai sakiya."

Ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Yayana ma haka aka yi masa, ni na riƙa kai masa nono har ya rasu. Shi ya sa na yi shekara biyu ina gudu. Amma kai da kanka ka ga Habu da gatari, ka ga kanka da wannan ɗan ƙarfen. Duk buɗe ƙofa ne, ɗaya ne? Na ɗauko akwatina tun daga Doguwa don an ce ga wanda ya san aikin. Kai naka idon bai kai akwatina daraja ba?"

Ta juyo ta miƙo min takardar ta ce, "To karanta, mai rawar kai." Na karanta, ashe ranar ce, kuma kafin azahar. Habu ya suri obin, ta yi mana godiya da Fillanci ta ce mi yetti, suka tsallaka titi suka shiga motar Kano.

Zailani bai ƙara taɓa aiki ba ranar. Ya zauna a kan bencinsa har la'asar, na kawo masa shayi ya huce a gabansa. Washegari da safe ina buɗe rumfa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kira min Zayyad."

Mu uku muka je asibitin ido a Kano. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta haska, ta auna, ta sake haskawa. Ta ce na dama za a yi masa aiki kuma da yardar Allah zai gani. Na hagu kuwa yanar ta daɗe har ta yi masa illa, jijiyar ta riga ta mutu, ko an cire ba abin da zai dawo. Ta ce da shekara biyu baya aka zo, da duka biyun za a ceto. Sannan ta tambaya, "Duk wannan lokacin ba wanda ya lura a gida?"

Zayyad juyowa kawai ya yi ya dube ni. Na fi son ya zage ni, wallahi na fi so. Ni da nake ganin rufa wa ɗan'uwana asiri nake yi, ashe ido ɗaya na taya shi binnewa, ina yi ina dariya ina kiran lambar fiyus.

An yi aikin, ya yi kyau. Bayan sati shida ya dawo shago da baƙin tabarau. Abin da ya fara cewa shi ne wa ya tara masa wannan ƙazantar, na biyu kuma wai yaushe na yi furfura haka ban gaya masa ba. Na yi yaƙe, amma na daina leƙa shagon. Sai in gaishe shi daga rumfata in sunkuyar da kai kan taya.

Kwana huɗu ana haka, sai na ji ya buga langa-langar da ke tsakaninmu. Na zagaya. Ya buɗe wani obin a gabansa, ya miƙo min fiyus a tafin hannu ya ce, "Taubashi, nawa aka rubuta a nan?"

Na ce, "Ba zan karanta ba. Na daina. Kana da ido, karanta abinka."

Ya ɗaga shi wajen haske, ya runtse mataccen, ya ce, "Takwas." Ya sa shi a mazauninsa. Yana ɗaure noti ya ce, "Na hagun nan ni na kashe shi, ba kai ba. Ko ka yi magana ba zan ji ba, ka san ni. Zauna, shagon ya yi min shiru."

Na zauna a bencin. Ya mayar da rigar injin, ya kara kunne, ya rufe ido ɗayan da ya rage masa, ya tura ƙofar a hankali. Uku suka yi. Ni dai ban ga lokacin da ya ɗago ba, don na juya fuskata wajen titi ina goge ta da hular faci.